Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani: Magungunan Toshe Inzayim da Kare Ƙwaƙwalwar Jariri daga Galahanga

Idan jariri ya sha wahala wajen haihuwa har iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, ɓarnar ba ta tsayawa a lokacin da aka farfaɗo da shi ya yi kukan farko. Kaso mai yawa nata daga baya yake zuwa, cikin sa'o'i da kwanakin da suka biyo, kuma wasu sinadarai na jikin jaririn kansa ne ke aikata ta. Gano haka ne ya sa masu binciken magani, musamman a Amurka da Turai, suka shafe fiye da shekara talatin suna neman abin da zai dakatar da waɗannan sinadarai na ɗan lokaci. Har yau babu ko ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna da hukumomi suka amince a riƙa bayarwa don hana galahanga, amma binciken ya bayyana abubuwa da yawa game da yadda ƙwaƙwalwar jariri ke jin rauni, da dalilin da ya sa kare ta ke da wuya.

Mece ce galahanga?

Galahanga, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan CP a katin asibiti, lalura ce ta motsi da tsayuwar jiki. Tushenta rauni ne ko tawaya da ƙwaƙwalwa ta samu tun tana tasowa: a cikin ciki, ko lokacin haihuwa, ko a shekarun farko na rayuwa. Raunin kansa ba ya ƙaruwa da shekaru, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Abin da ke sauyawa shi ne yadda yake bayyana yayin da yaro ke girma. Jaririn da bai riƙe wuya ba a wata huɗu, sai a ga bai zauna ba a wata tara, daga baya kuma a lura ƙafafunsa suna sanƙarewa suna harɗewa idan aka ɗaga shi.

Nau'in da ya fi yawa, wajen huɗu cikin biyar, shi ne mai sanƙarar da tsoka. Akwai mai sa gaɓoɓi murɗewa da motsin da yaro bai yi niyya ba, akwai kuma mai sa tangaɗi. Wasu yaran kan haɗa da farfaɗiya, ko matsalar ji, gani, magana da haɗiya. Da yawa kuwa fahimtarsu garau take, jikin ne kawai ba ya bin umarni. A wasu gidaje akan kira irin wannan yaro ɗan ruwa a jingina abin ga iskoki, alhali a mafi yawan lokuta na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana nuna inda raunin yake. A ƙasashe masu arziki adadin ya sauko ƙasa da yara biyu cikin kowace haihuwa dubu, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ƙiyasin ya haura uku.

Me ke jawo ta?

Likitan ƙashi ɗan Ingila, William John Little, shi ne ya fara danganta lalurar da wahalar haihuwa, a wata lacca da ya gabatar a Landan a 1861. A 1897 Sigmund Freud, wanda a lokacin yake aikin likitan jijiyoyi, ya ce sau da yawa matsalar ta riga naƙuda, wahalar haihuwar alama ce kawai ta abin da ya faru tun a ciki. Binciken zamani ya ba kowannensu rabonsa na gaskiya.

A Turai da Amurka haihuwar bakwaini ce babbar hanya, sai cututtukan da ke kama uwa da mabiyiya, toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwar tayi, da sauye-sauye a ƙwayoyin gado. Yankewar iska lokacin naƙuda ba ta wuce wajen ɗaya cikin goma ba a can. A Najeriya lissafin daban ne. Binciken asibitocin koyarwa ya daɗe yana sa abubuwa uku a gaba: yankewar iska wajen haihuwa, shawara mai tsanani a makon farko, da cututtukan ƙwaƙwalwa irin su sanƙarau. Doguwar naƙuda, jijjigar masu ciki, rabuwar mabiyiya kafin lokaci, fashewar mahaifa da matsewar igiyar cibiya duk suna iya yanke wa jariri iska.

Magungunan da ake magana a kansu a nan ba su shafi dukkan waɗannan ba. Ba su da abin yi ga galahangar da ta taso daga ƙwayoyin gado, kuma ba sa gyara ƙwaƙwalwar yaron da ya riga ya girma da lalurar. Aikinsu, idan sun yi nasara, yana cikin 'yan sa'o'in da ke kewaye da raunin ne.

Abin da ke faruwa bayan iska ta yanke

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya. Kowace daƙiƙa tana buƙatar iskar oksijin da sukari daga jini domin ta ƙera sinadarin ƙarfi da ake kira ATP. Da wannan ƙarfi ne kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa ke tafiyar da ƙananan famfunan da ke jikin bangonta, masu tura sodiyam da kalsiyam waje. Idan jini ya yanke, famfunan sukan tsaya, ƙwayoyin su kumbura, su saki gulutamet fiye da kima. Gulutamet shi ne sinadarin da ƙwayoyin ke aika wa juna saƙo da shi, kuma idan ya yi yawa yakan bar ƙofofin ƙwayoyin da ke maƙwabtaka a buɗe, kalsiyam ya yi ta kwarara ciki. Idan yankewar ta yi tsanani ko ta daɗe, wasu ƙwayoyin nan take suke mutuwa, kuma babu maganin da zai dawo da su.

Sai a farfaɗo da jariri, jini ya dawo. A shekarun 1980 masu bincike a Landan suka auna sinadaran ƙarfi a ƙwaƙwalwar irin waɗannan jarirai da na'urar maganaɗisu, suka ga abin da ba su zata ba. A sa'o'in farko awon yakan fito kusan daidai, sai daga baya ya sake faɗuwa, ko da jaririn yana numfashi kuma jininsa cike yake da oksijin. Tsakanin faɗuwar farko da ta biyu akwai rata ta wajen sa'a shida. Lamarin kamar wutar ƙaiƙayi ne, sama toka, ƙasa tana ci. A cikin ratar nan ne maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke ƙera ƙarfi a cikin kowace ƙwaya, suke lalacewa a hankali. Idan suka gaza sai jijjiga ta fara, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙwayoyi masu yawa su mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Kumburin kan iya ci gaba a ɓoye har makonni ko watanni.

Wani ɓangare na ɓarnar, oksijin ɗin da ya dawo ne ke haddasa shi. Idan ya tarar da ƙwayoyin a hargitse, wani kaso nasa yakan rikiɗe ya zama ɓurɓushi mai guba da ke ƙona duk abin da ya taɓa. Ƙwaƙwalwar jariri ta fi ta babba rauni a nan: tana da kitse mai saurin lalacewa, da sinadarin ƙarfe a sake, kuma garkuwarta ta kawar da gubar ba ta gama ƙwari ba. Wannan fahimta, da aikin likitan ƙasar Norwe Ola Didrik Saugstad da abokansa, su suka sa a 2010 ƙa'idojin farfaɗo da jarirai na duniya suka koma fara wa jaririn da ya cika watanninsa da iskar ɗaki maimakon zallar oksijin.

Mene ne inzayim, kuma yaya ake toshe shi?

Inzayim furotin ne da jiki ke ƙerawa domin ya gaggauta sauya wani sinadari zuwa wani. Akwai dubbai a jikin mutum, kowanne da aikinsa: na miyau yana fasa sitaci, na hanta suna warware magunguna. A jikin kowane inzayim akwai ɗan gurbi mai siffa ta musamman, inda sinadarin da za a sarrafa yake shiga ya zauna. Maganin toshe inzayim ƙaramin sinadari ne da aka ƙera ya dace da gurbin, ya riga mai wurin shiga, ya hana aikin gudana.

Dabarar tsohuwa ce. Asfirin da ibufurofen suna toshe inzayim mai haifar da zogi da kumburi, fenisilin kuma yana toshe wanda ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi. Abin da ya sa ta dace da matsalar jarirai shi ne, kusan kowane mataki na ɓarnar da aka bayyana a sama inzayim ne ke aiwatar da shi, kuma kalsiyam ɗin da ya kwararo ne ke kunna da yawa daga cikinsu. Wahalar kuwa ita ce inzayim ɗin da ke ɓarna a sa'ar rauni shi ne kuma ke taimakon ginuwar ƙwaƙwalwa a sauran lokuta.

Naitirik oksayid da inzayim uku masu kama da juna

Naitirik oksayid iska ce mai sauƙin gini, ƙwayar zarra ɗaya ta naitirojin da ɗaya ta oksijin, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙu a jiki kafin ta ɓace. Gano cewa jiki da kansa yana ƙera ta domin buɗe jijiyoyin jini shi ya kai Robert Furchgott, Louis Ignarro da Ferid Murad ga kyautar Nobel a 1998. Inzayim ɗin da ke ƙera ta daga sinadarin ajinin ana kiransa NOS, kuma iri uku ne. Na farko, eNOS, yana bangon jijiyoyin jini, shi ke sa su saki jini ya wuce. Na biyu, iNOS, na ƙwayoyin garkuwar jiki ne, yakan tashi idan akwai cuta ko kumburi. Na uku, nNOS, yana cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, dab da ƙofar da gulutamet ke buɗewa, kuma kalsiyam ne ke kunna shi.

Idan kalsiyam ya malalo, nNOS yakan yi ta ƙera naitirik oksayid ba ƙaƙƙautawa. Wannan iska ta haɗu da ɓurɓushin oksijin mai guba, su haifar da feroksinaitirait, sinadarin da ya fi kowannensu dafi, mai lalata bangon ƙwaya, furotin, ƙwayoyin gado da maitokondiriya. Ƙwayoyin da ke ɗauke da nNOS ɗin sau da yawa sukan tsira, maƙwabtansu ne ke mutuwa. Akwai irinsu da dama a dunƙulallun sassan da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa masu daidaita motsi, kuma nan ne wurin da ya fi shan kashi idan iska ta yanke wa jaririn da ya cika watanninsa farat ɗaya.

Hujja mai ƙarfi ta fito daga ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon wani inzayim. A 1994 masu bincike a Boston suka nuna cewa ɓeran da ba shi da nNOS, idan aka toshe masa jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, rauninsa ya fi na sauran ƙanƙanta. Ɓeran da ba shi da eNOS kuwa nasa raunin ya fi girma, domin jijiyoyinsa ba sa buɗewa su kawo ɗauki. A 1996 Donna Ferriero da abokan aikinta a San Faransisko suka nuna cewa jariran ɓerayen da ba su da nNOS su ma sun fi jure yankewar iska. Wannan ya warware wani ruɗani da aka daɗe ciki: magungunan farko suna toshe NOS ɗin uku gaba ɗaya, shi ya sa a wani gwaji su taimaka, a wani su ƙara ɓarna. An ma gwada irinsu a kan manyan mutane masu gubar cuta a jini, aka dakatar da gwajin saboda mace-mace sun ƙaru.

Abin da ake nema ke nan ya fito fili: maganin da zai kama nNOS ya ƙyale eNOS. Faɗarsa sauƙi, ƙera shi ne aiki, domin gurbin inzayim ɗin biyu kusan iri ɗaya ne sak.

Gwajin zomaye

Wanda ya fi daɗewa a kan wannan matsala shi ne Richard Silverman, masanin haɗa sinadarai a Jami'ar Northwestern da ke Evanston kusa da Shikago, wanda shi ne ya ƙirƙiro maganin da ake sayarwa da sunan Lyrica. Ya yi aiki da Thomas Poulos na Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine, ƙwararre wajen fito da siffar furotin dalla-dalla ta hanyar haska shi da hasken eksire. Hotunan suka nuna wani ƙaramin bambanci: a wani lungu na gurbin, nNOS yana da guntu ɗaya mai ɗauke da cajin lantarki, inda eNOS ke da wanda ba shi da caji. A kan irin wannan 'yar tazara aka gina sinadaran da ke manne wa nNOS fiye da eNOS ninki dubu ko fiye.

Gwaji a kan dabba ya fito daga ɗakin binciken Sidhartha Tan, likitan jarirai. Ɓera ba ya nuna sanƙarewar tsoka sosai ko da ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni, zomo kuwa yana nunawa, kuma sassan motsi na ƙwaƙwalwarsa suna ginuwa ne gab da haihuwa da bayanta, kamar na ɗan Adam. Cikin zomanya kwana 31 ne da 'yan sa'o'i. A wajen kwana na 22 akan sa mata barci, a zura siririn bututu mai balan-balan a baki ta jijiyar cinya zuwa babbar jijiyar jini, a hura shi ya tare jinin da ke zuwa mahaifa na minti 40, sannan a sace shi a bar cikin ya ci gaba. Bayan haihuwa akan duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya: ko ɗan zomo yana iya juyowa idan aka kwantar da shi rigingine, ko yana tsotso da haɗiya, ko ƙafafunsa suna lanƙwasuwa ko sun sandare a miƙe.

A sakamakon da aka wallafa a mujallar Annals of Neurology a 2009, an yi wa iyayen allurar sababbin sinadaran biyu jim kaɗan kafin a tare jinin da kuma bayan an sake shi. A rukunin da aka ba ruwan gishiri kawai, 'ya'ya da yawa sun mutu, wasu sun fito da gaɓoɓi a sandare. A rukunin da aka ba maganin, mafi yawansu lafiya aka haife su, kuma hawan jinin iyayen bai tashi ba, alamar cewa ba a taɓa eNOS ba. Kafafen labarai sun yaɗa wannan sakamako sosai a lokacin, kuma ya cancanci a yaɗa shi, sai dai kanun da suka yi maganar rigakafin galahanga sun yi gaggawa.

Me ya hana shi isa ɗakin haihuwa?

Matsalar farko lokaci ce. Mai bincike ya san mintin da zai hura balan-balan, don haka yana iya ba da magani kafin raunin. Ungozoma ba ta da wannan gatan. Sau da yawa ba a sanin cewa iska ta yanke wa tayi sai bugun zuciyarsa ya canza, ko sai ya fito shiru jikinsa a sake. Maganin da ke aiki kafin rauni sai dai a ba mata masu yawa da ake zargin suna cikin haɗari, waɗanda da yawansu lafiya za su haihu ko ba a ba su komai ba. Maganin da za a yi wa haka kuwa dole lafiyarsa ta wuce shakka, ga uwa da ga tayi, musamman da yake naitirik oksayid yana da hannu wajen yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke haɗa hanyoyinsu.

Ta biyu ita ce shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a matse yake, ba ya barin sinadari mai cajin lantarki ya wuce cikin sauƙi. Cajin nan kuwa shi ne ainihin abin da ya ba maganin ikon bambance nNOS da eNOS. Idan aka rage shi don maganin ya shiga ƙwaƙwalwa, sai zaɓinsa ya ragu. Idan aka bar shi, kaɗan ne ke shiga. Shekarun da suka biyo bayan 2009 a kan wannan sulhu suka tafi, tare da daidaita sinadaran da nNOS na ɗan Adam, wanda ya ɗan bambanta da na ɓera.

Wani sinadari daban da ya riga su kaiwa ga jarirai shi ne 2-iminobayotin, ɗan uwan bitamin ɗin da ake kira bayotin, wanda masu bincike a birnin Utrecht na Holan suka gwada a kan 'ya'yan alade da ɓeraye. Yana danne nNOS da iNOS, ya bar eNOS kusan yadda yake. An yi ƙananan gwaje-gwajensa a kan jarirai a Holan da kuma a Kinshasa ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, domin a ga ko ba ya cutarwa da yadda jiki ke sarrafa shi. Irin waɗannan gwaje-gwaje ba sa amsa tambayar ko yana hana naƙasa. A ɓeraye ya nuna wani abu da ya buɗe sabon babi: ya kare mata, bai kare maza ba. An kuma ga akasin haka da wani inzayim mai suna PARP-1, wanda cire shi ya fi amfanar jariran ɓeraye maza. Da alama ƙwayoyin ƙwaƙwalwar namiji da ta mace ba hanya ɗaya suke bi zuwa mutuwa ba, don haka gwajin da ya cakuɗa su zai iya ɓoye amfanin da jinsi ɗaya ya samu.

Alofurinol: tsohon magani a sabon aiki

Lokacin da iska ta yanke, ATP yakan rushe ya bar wani saura mai suna haifozantin yana taruwa. Da oksijin ya dawo, wani inzayim da ake kira zantin oksides yakan hau sarrafa wannan tari, a cikin aikin kuma yana fitar da ɓurɓushin oksijin mai guba, wanda shi ne abokin haɗin naitirik oksayid. Maganin toshe shi ya daɗe a kanti. Alofurinol ne, na masu ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion da George Hitchings, aka fara sayar da shi a 1966. Yana da araha, kuma likitoci sun san halinsa.

Gwaje-gwaje uku na farko a kan jarirai, a Holan da Turkiyya, jimillarsu jarirai 114 ne, adadin da bai isa yanke hukunci ba. A cikinsu kuma akan ba da maganin sa'o'i bayan haihuwa, alhali guguwar gubar a mintunan farko take tashi. Sai likitocin Holan suka gwada bai wa uwa ta jijiya tun tana naƙuda, idan na'ura ta nuna tayi yana galabaita. A gwajin da aka wallafa a 2015, mai mata 222, alamomin raunin ƙwaƙwalwa a jinin cibiya ba su ragu ba a jimlace, ko da yake an ga ɗan alamun amfani a jarirai mata. Daga nan aka tsara babban gwajin ALBINO a ƙasashen Turai da dama, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Tübingen ta Jamus, wanda ya tanadi a yi wa jariri allurar farko cikin minti 30 zuwa 45 da haihuwa, a kuma auna lafiyarsa idan ya kai shekara biyu.

Jiran shekara biyun nan yana da dalili. Indometasin, wanda shi ma toshe inzayim yake yi, an tabbatar yana rage zubar jini mai tsanani a ƙwaƙwalwar bakwaini. Amma wani babban gwaji da aka wallafa a 2001, mai jarirai fiye da dubu, ya bi yaran har wata 18, bai ga raguwar mutuwa ko naƙasa ba. Hoton ƙwaƙwalwa mai kyau ko awon jini mai kyau a makon farko ba su isa shaida ba, sai an ga yaron yana zama, yana tafiya, yana magana.

Abin da ake da shi a hannu yanzu

Ga abubuwa biyu daga cikin waɗanda suka tsallake irin wannan awo. Ga macen da za ta haihu kafin mako 32, allurar maganiziyam salfet tana rage haɗarin galahanga ga bakwainin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita tun 2015. Shi ne dai maganin da asibitocinmu ke bai wa masu jijjiga. Ga jaririn da ya cika watanninsa kuwa akwai sanyaya jiki: a saukar da zafinsa zuwa wajen digiri 33.5, a fara cikin sa'a shida, a riƙe na sa'a 72. Sanyin yana rage gudun inzayim da yawa a lokaci guda, abin da kowane magani ke ƙoƙarin yi wa guda ɗaya. A gwaje-gwajen ƙasashe masu arziki, cikin jarirai bakwai da aka sanyaya ana tserar da wajen ɗaya daga mutuwa ko naƙasa mai tsanani. Ci gaba ne na gaske, amma ya bar da yawa a baya.

A 2021 gwajin HELIX, mai jarirai 408 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, ya nuna cewa a waɗancan asibitoci sanyayawar ba ta rage naƙasa ba, mace-mace ma sun fi yawa a rukunin da aka sanyaya. Ɗaya daga cikin bayanan da aka kawo shi ne raunin waɗannan jarirai ya faro ne tun da daɗewa a cikin naƙuda ko kafinta, don haka ratar sa'a shidan ta riga ta ƙare kafin a haife su. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ce ake yi a asibiti. Allura mai araha da ba ta buƙatar wutar lantarki za ta fi dacewa da irin wannan wuri fiye da na'urar sanyaya jiki, kuma dalilin gwajin Kinshasa ke nan. Sai dai bayanin da aka yi wa HELIX zai iya hawa kan magungunan su ma: jaririn da aka kawo bayan kwana biyu ana naƙuda a gida ya wuce sa'ar da aka ƙera su dominta.

Shawara: inda wani inzayim ke shigowa

Hanya ta biyu mafi girma zuwa galahanga a ƙasarmu ba ta da alaƙa da iska. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, wani inzayim mai suna him oksijines yakan fasa jan launin da ke cikinsu, daga nan a samu bilirubin, sinadarin da ke mayar da ido da fata rawaya. Hantar jariri ba ta gama ƙwarewa wajen fitar da shi ba. Idan ya taru fiye da kima yakan tsallaka cikin ƙwaƙwalwa ya zauna a waɗancan sassa na tsakiya, ya bar yaro da galahanga mai murɗe gaɓoɓi, sau da yawa tare da kurumta. Jaririn da ya fara ƙin mama, yana kuka mai tsini, yana banƙarewa baya, ya riga ya shiga haɗari.

Abin ya fi tsanani inda ƙarancin inzayim G6PD ya yawaita, kamar Afirka ta Yamma, inda a wasu sassa yakan kai namiji ɗaya cikin biyar. Jinin irin wannan jariri yakan fashe idan ya haɗu da wasu abubuwa, ciki har da ƙwallayen kafur da ake sawa a akwatin kayan jarirai, da lalle idan aka shafa masa.

Attallah Kappas da George Drummond na Jami'ar Rockefeller a Niyok sun samar da sinadarin da ke toshe him oksijines, wanda aka gina da ƙarfen kuza a tsakiyarsa. Allura ɗaya ce a tsoka, wadda ke rage ƙera bilirubin tun daga tushe. Gwaje-gwaje a Girka da Ajantina sun nuna tana rage buƙatar sa jariri a ƙarƙashin fitilar maganin shawara. Duk da haka, a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita, bayan kwamitin ƙwararrunta ya ga cewa bayanan lafiyarta, musamman a kan ji da ci gaban ƙwaƙwalwa na dogon lokaci, ba su gamsar ba. A ƙasar da fitila ke kowane asibiti, wannan hukunci yana da ma'ana, domin akwai madadin da aka san lafiyarsa.

Maganin shawarar jarirai a yau hasken fitila mai shuɗi ne, wanda ke sauya bilirubin a cikin fata zuwa siffar da jiki ke iya fitarwa, sai canjin jini idan ta yi tsanani. Wani gwaji da aka yi a Legas, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa hasken rana da aka tace ta rumfa mai leda ta musamman, mai tare haskoki masu ƙuna da wani kaso na zafi, yana aiki kamar fitila ga shawarar da ba ta yi tsanani ba, muddin ma'aikatan lafiya suna auna zafin jikin jaririn a kai a kai. Shanya jariri a rana tsirara, ba tacewa ba awo, wani abu ne daban, kuma yana iya ƙona shi ya busar masa da ruwan jiki yayin da bilirubin ke ci gaba da hawa.